Zabin Malam da Ƙararrawar Keke

Sunan maigidana ba zai fito daga bakina ba, ko da a takarda ne. Mutanen ƙauyenmu Gajere suke ce masa, ko da yake sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ni Malam nake ce masa. Ba malamin kowa ba ne, amma sunan yana yi masa daɗi.

Lokacin da abin nan ya faru, shekarata guda ke nan a gidansa. Daga Kusada aka kawo ni wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar Rimaye, tafiyar hantsi zuwa Kankia, kuma tun da na zo ban koma na ga Iya ba. An riga an yanke magana, da an yi cika-ciki zan je ganin gida. Har na ƙulle 'yar tsarabata, daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, na rataye a ɗaki.

Cin ranin da Malam ya yi a Kafinsoli shi ya shiga tsakanina da Kusada. Wata biyu ya yi yana riƙe wa Baturen gona igiyar awo, ya dawo mana da abu biyu. Ɗaya ƙararrawar keke, ban da keken. Ɗaya kuma wata magana wai ita tsarin shekara.

Ranar cika-ciki da la'asar, an ci tuwo da kan ragon layya da aka adana tun Babbar Salla, maza sun baje a ƙofar gida kowa na sassauta zariya, sai Malam ya leƙo ya ce in ɗauko allo da tawada. Na ɗan yi karatu a zauren kakana, ina iya haɗa baƙi in ba a gaggauta ni ba. Na zauna daga cikin zaure inda ba mai ganina, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara murya.

"Kun san abin da ya sa Nasara ya fi ku?" in ji Malam. "Ran da shekara ta kama yake zama ya rubuta abin da zai yi a cikinta. Duk bayan wata uku ya buɗe ya duba. Ku kau sai dai ku cika ciki ku jira ruwa."

Dabo na wurin. Ɗan kawun Malam ne, taubashinsa, kuma ba ya barin maganar Malam ta kai ƙasa.

"To Nasaran ƙauye, mi za a yi bana?"

"Zabi dubu."

"Zabi mi?"

"Dubu! Ke, rubuta. Kukun barikin Kankia da bakinsa ya ce mani in ina da zabi in kawo masa."

"Guda nawa ya ce?"

"Mutumin da ke dafa wa Nasara abinci zai tsaya faɗin guda nawa? Rubuta kuma, da zabin zan yi keke. Rubuta, zan iya hawansa. Rubuta, na daina barcin hantsi."

Inna, mahaifiyar Malam, tana kaɗi a tsakar gida. Ta ɗaga murya ta ce, "Wannan na ƙarshen kaɗai in ya yi, na yafe sauran."

Aka kwashe da dariya. Dabo ya share hawaye ya ce, "Ina amaryarmu? Rahamatu, na ji gobe za ki Kusada. In kawo maki jakina?"

"Jaki?" Malam ya zabura. "Matata a kan jaki? Ke, rubuta! Rahamatu ba za ta shiga Kusada ba sai a bayan kekena, ina kaɗa wannan!"

Ya zaro ƙararrawar daga aljihu ya murza, kilin-kilin. Alƙalami ya tsaya a hannuna. Na jira ko zai ce wasa yake, bai ce ba. Na rubuta shi ƙanana-ƙanana a can ƙasan allo, ko Allah zai sa ya goge.

Ya kuwa goge. Na jingine allon a bango don ya bushe. Ita Inna ta daɗe tana fama da gwiwa, ta kuma daɗe tana yi wa Malam mitar ya karɓo mata rubutu wurin liman. Da safe ta fito ta ga allo cike da tawada, ta ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, yau dai ya tuna da uwarsa. Ta wanke shi tas a ƙoƙo ta shanye.

Malam ya fito ya tarar da allo fari fat yana ɗigar ruwa. Ya ɗora hannu a ka.

"Inna! Kin shanye mani shekara!"

"Tafi can. Rubutun wane malami ne? Tun da na sha gwiwar ta saki."

"Zabi dubu kika sha, da keke!"

"To shi ya sa nake jin ƙafar kamar in yi gudu."

Na yi murna a ɓoye. Na tambayi Malam ko a sake rubutawa, ya ce Nasara ba ya rubuta tsari sau biyu, ai duk yana kansa. Na sauko da tsarabata, na durƙusa na ce, "Malam, to batun Kusada..." Ya fara sosa ƙeya, har na ga alamar zai ce in tafi. Sai ga Dabo ya yi sallama, jakinsa a hannu.

"Na kawo wa amarya abin hawa, tunda an ce keken yana cikin Gwaggo."

"Mai da jakinka! Abin da na faɗa gaban mutane ya zauna."

Na mai da tsaraba inda take.

Ruwa ya sauka, matan Fulani suka fara kawo ƙwan zabi. Malam ya buɗe rumbu ya riƙa ba su dawa suna ba shi ƙwai, har ƙwarya uku suka cika. Kowa ya san zabuwa ba ta iya kwanci ba, kaza ake sa wa ƙwanta. Kazarmu ɗaya ce, ta Inna, kuma kaza mai hankali sha biyar take rufewa. Malam ya tara mata sittin. Ta hau kamar mai hawan tudu, ta zame, ta sake hawa, ta zame, ta dube shi ta yi tafiyarta.

Ya bi gida-gida yana aron kaji. Mai kwanci da wadda ba ta kwanci, duk ya kwaso ya kife su da kwanduna a kan ƙwai. Har da zakaran Dabo, wai ai shi ma gashi gare shi. Zakaran ya wuni yana cara a cikin kwando, ya fasa tara.

Sauran ƙwan kuma ya naɗe su da audugar kaɗin Inna ya jera a gindin murhu, ya ce a Kafinsoli ya ji ana cewa Nasara da wuta yake ƙyanƙyasa, ba ruwansa da kaza. Ya hana ni rage itace. Kwana biyu sai ga Dabo zaune a tsakar gidanmu yana ɓare su ɗaya bayan ɗaya.

"Wagga ƙyanƙyasa ta Nasara ta yi, Gajere. Amarya, taimake ni da gishiri."

Da aka gama duk wannan, 'yan zabi arba'in da uku suka fito.

Wata uku sun cika, Malam ya tara maza don duban tsari. Ya riƙe allon nan da babu ko ɗigo a kansa, yana bin sa da yatsa.

"Kamar yadda aka rubuta, zabi ɗari biyar..."

"Dubu muka ji," in ji Dabo.

"Kunnenka ne. Ke, ba ɗari biyar aka rubuta ba?"

Ina bayan ƙyaure. Ta yaya zan ƙaryata miji a gaban maza, ta yaya kuma zan yi ƙarya? Sai na yi ɗan tari.

"Kun ji, ta ce e."

'Yan zabi gara suke ci. Yadda kowa ke yi, a sami tsohuwar tukunya a cusa mata busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a kai can bayan gari a kife a bakin suri, da safe a ɗauko ta cike. Malam ya ce wannan wahalar da ƙafa ce, mai tsari gara ke zuwa wurinsa. Ya je ya sassaro suri da gatari ya kwaso gida, ya jera tukwane ashirin a gindin darni da ƙarƙashin rumbu.

Gara kuwa ta zo, ba ta tsaya a tukwane ba. Ta fara da kujerar Inna. Ran nan da hantsi, darnin da ya raba mu da gidan maƙwabcinmu Ɗanmaliki ya kwanta gaba ɗaya, ba iska ba komai, daidai lokacin da Ɗanmaliki ke wanka a bayansa. Ni dai na yar da tsintsiya na faɗa ɗaki. Daga can nake jin su.

"Gajere! Wanga ma a rubuce yake?"

"Darnin ne ya tsufa."

"Bara na kafa shi! Miƙo mani zanena, tsohon banza, ka tsaya kana yi mani bayani!"

Ba a yi mako ba ƙafar rumbu ɗaya ta karye, rumbun ya sunkuya kamar mai gaisuwa. Inna ta ɗauki taɓarya ta bi tukwanen nan ta farfashe su, tana yi tana ambaton sunan kakan Malam.

Sai shirwa ta gane gidanmu. Malam ya ce shi zai yi gadi, ya shimfiɗa tabarma a gindin ƙirya, sanda a hannu. Kullum da hantsi shirwa na sauka ta ɗauki ɗaya, shi kuma minsharinsa har gidan Ɗanmaliki, tunda yanzu ba darni. Da Inna ta tashe shi, sai ya ce ba barci yake ba, tsari yake dubawa ta ciki.

A duba na biyu, ya ce ɗari aka rubuta. Na yi tari.

Amma gaskiya ba zan ɓoye abin da ya yi daidai ba. Da kaka ta yi, zabi talatin da ɗaya suka rage, manya, masu sheƙi. Kuma tun suna ƙanana Malam ba ya watsa masu gero sai ya murza ƙararrawar nan. Sai suka gane. Ko suna can bakin fadama, da sun ji kilin-kilin sai ka gan su sun taho a guje, wuya a miƙe. Dabo ya ce ƙarya ne, kowace ƙara za su bi. Ya zo da tasa da ludayi ya buga har hannunsa ya gaji, ko ɗaga kai ba su yi ba. Malam ya murza sau ɗaya, suka bi ta tsakanin ƙafafun Dabo suka kusa kayar da shi.

Ran nan Malam bai ci abinci a zaune ba. Ya zaga ƙauye sau uku, ƙararrawa a sama, zabi a bayansa a jere, mata na leƙe ta kan darni. Har Inna ta ce, "Kai, yaron nan dai." Ni ma sai na fara ganin kaina a bayan keke, Iya na tsaye a ƙofar gida.

Saura koyon hawa. Tunda ba keke a ƙauyenmu, Malam ya kwantar da turmin Inna ya hau, ya riƙe taɓarya a gicciye, yana juya ƙafafu a iska. Ya sa na ajiye 'yar kujera a bayansa na zauna.

"Riƙe ni da kyau, ga gangare! Kauce, mai jaki!"

Inna ta tsaya a kansa da ƙwaryar gero. "In kun isa Kusada ka sauka in yi daka."

Ana haka shekara ta juyo. Wata mai sayar da tukwane daga Kusada ta kawo mani saƙo: za a sa ƙanwata Lami a lalle kwana uku bayan cika-ciki, kuma Iya ta ce a tambaye ni ko a turke aka ɗaure ni. Na shiga ɗaki na sauko da tsarabar bara. Kuɓewar ta zama gari, daddawar ta zama dutse. Na zauna na yi kukana, na share ido, na ƙulla sabuwa. Da Malam ya shigo na ce, ban ɗaga kai ba, "Malam, ko a ƙasa ma zan iya zuwa."

"A ƙasa? Saura kwana huɗu shekara ta cika za ki ɓata mani tsari? Jibi kasuwar Kankia. Ki yi lalle, ki ɗauko kayanki. Daga kasuwa sai Kusada, a kan keke. Mako guda zan bar ki ki yi."

Ranar kasuwa da sassafe ya yi duba na uku a tsaye. Ya ce talatin aka rubuta, ga shi har an wuce da ɗaya. Bai ma jira tarina ba.

Dabo ya ce, "To ɗaure masu ƙafa a zuba a kwando, kamar yadda kowa ke yi."

"Zabin da suka yi makaranta? Da ƙafarsu za su shiga Kankia."

"Bari in ɗauko jakina. Wannan ba zan yarda a ba ni labari ba."

Muka kama hanya. Malam a gaba da babbar rigarsa, yana murza ƙararrawa yana watsa ɗan gero, zabi na biye, ni a bayansu da ƙunshina a ka, Dabo a ƙarshe. Ko ɗaya ba ta ɓalle ba. Masu zuwa kasuwa suka riƙa tsayawa suna salati. Wani tsoho ya tambaya ko asiri ne, Malam ya ce, "Tsari ne, Baba." Kafin mu kai Kankia, mutanen da ke bin mu sun fi zabin yawa.

Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne, a ƙauyenmu ƙararrawa ɗaya ce tak. Kankia kuwa ranar kasuwa akwai keken malamin auduga, akwai na masinja, akwai na kuku.

Muna isa tsakiyar kasuwa sai ga kukun bariki yana tura nasa, farar hula a kansa, kwando a gaban keken. Malam ya tare shi da fara'a.

"Ranka ya daɗe, ga alkawari na cika!"

Kuku ya dube shi, da alama bai ma tuna shi ba. Ya dubi zabin. "Kai, sun yi kyau. Kama mani biyu."

"Biyu?"

"Bature ɗaya ne, cikinsa ɗaya."

"A'a, duka za ka kwasa, ka bar mani wannan." Malam ya dafa sirdin keken.

Kuku ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ture hannun Malam, ya hau kekensa. Mutane sun cika hanya, sai ya murza ƙararrawa don a ba shi wuri.

Kilin-kilin.

Kawuna talatin da ɗaya suka juya lokaci guda.

Kafin kuku ya taka sau biyu sun rufe shi. Wasu a kan kwando, wasu a kafaɗa, ɗaya ta sauka a kan hular. Suna neman gero, shi ko ƙwaya babu. Ya tsorata ya ƙara gudu, yana ƙara gudu yana murza ƙararrawa don mutane su kauce, yana murzawa suna ƙara bin sa.

"Daina kaɗawa!" Malam ke ihu. "Daina kaɗawa!" Shi kuma yana kaɗa tasa.

Zabi suka juyo wurin Malam, suka bi ta kan tabarmar mai barkono. Sai masinja ya shigo ta wancan gefe, bai san abin da ake ciki ba, ya ga taro ya murza tasa. Garken ya rabu uku. Kashi ɗaya ya bi ta rumfar masu nono, ƙore suka kife, matan Fulani suka tashi da ludaya. Kashi ɗaya ya faɗa cikin garin rogo ya fito fari. Barkono ya tashi sama, rabin kasuwa na atishawa. Sarkin kasuwa ya hau kan buhu yana cewa duk wanda ya sake taɓa ƙararrawa zai gamu da shi, ba mai jin sa. Dabo kuwa ya sauko daga jaki ya kwanta a ƙasa, dariya ta hana shi numfashi.

Kuku ya je ya afka cikin tulin auduga, ƙafafu a sama. Keken ya kwanta a gefe, ƙafar baya na juyawa.

Na ga idon Malam ya sauka a kan keken.

"Ku ba ni wuri, na iya! Ni zan fitar da su daga kasuwa!" Ya tattare riga ya ɗaga keken ya haye. Ya waiwayo. "Ke, hau!"

A gaban mutanen Kankia duka? Na ja mayafi na rufe fuska, na tsaya inda nake. Kunyar nan da ake yi mani faɗa a kanta, ita ta cece ni ran nan.

Malam ya taka. Turmin Inna bai taɓa motsawa ba, wannan kuwa ya tafi. Kuma hanyar gangare ce, ta nufi marina. Ya riƙa karkata dama da hagu, dogayen ƙafafunsa na neman ƙasa, riga ta cika da iska.

"Birki!" kuku ke ihu daga cikin auduga. "Kama birki!"

"Wane ne birki?"

Abu ɗaya ya sani a jikin keke, shi ya kama. Kilin-kilin-kilin! Zabin duka suka haɗu suka rufa masa baya, suna kuka kamar ana yanka su. Marina suka watse. Keken ya daki bakin rijiyar baba ya tsaya cak, Malam bai tsaya ba.

Da sanduna aka zaro shi. Ya fito shuɗi tun daga hula har tafin ƙafa, idanu kaɗai ke fari, ƙafar hagu kuma ta juya inda ba a juyawa. Wani marini ya dube shi ya ce wa ɗan'uwansa, "Ya kamu da kyau, ba sai an maimaita ba."

Keken bai yi komai ba. Kuku ya ɗauki abinsa, ya kama zabi biyu ya ce na tsoratar da shi ne. Sarkin kasuwa ya yanke cewa duk wanda aka yi wa ɓarna ya kama ɗaya. Ban san mutanen da aka yi wa ɓarna sun kai haka yawa ba, har da wani makaho da ya ce an ɓata masa waƙa. Na tsinci ƙararrawar Malam a cikin ƙasa na murza a hankali. Uku suka zo.

Aka taru a kan ƙafar. Kowa ya duba sai ya ce karaya ce, kuma irin wannan ɗori sai Sada. Duk ƙasar nan an san Sada maɗori. Ƙanen Iya ne, kuma a Kusada yake.

"Kada ku kai ni gidan surukai haka," in ji Malam yana nishi. "Ku bari in wanke."

"Baba ce, Gajere, sai ta ga dama take fita," in ji Dabo. Ya jawo jakinsa. "Ga abin hawa. Ko shi ma sai an rubuta?"

Malam ya kau da kai. Aka ɗaure ƙafar da kara aka ɗora shi a kan jakin.

Haka muka shiga Kusada kafin magariba. Dabo na jan jaki, Malam a kai, shuɗi, yana salati duk inda jakin ya yi tuntuɓe. Ni a baya da ƙunshina, ina murza ƙararrawa, zabi uku na bina. Iya na tsaye a ƙofar gida, kamar yadda na riƙa gani a raina. Ta rungume ni ta daɗe ba ta sake ni ba. Sannan ta leƙa bayana ta ce a hankali, "Wancan fa, daga ina kuka samo shi?"

Kawu Sada ya ja ƙafar, Malam ya yi ƙarar da aka ji har ƙauyen gaba. Ya jera karare ya ɗaure, ya ce kwana arba'in ba motsi, kuma matarsa ta zauna kusa don jinya. Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Zabin nan uku su aka yanka ranar bikin Lami.

Ranar cika-ciki, Malam na kishingiɗe a zauren gidanmu, kunnuwansa har yanzu shuɗaye, ya ce a tara masa mutane, shekara ta cika, za a duba tsari. Allon ma an baro shi a ƙauye, sai ya riƙa bin tafin hannunsa da yatsa.

"An rubuta zan hau keke. Na hau ko ban hau ba?"

"Ka hau," in ji Dabo. "Kankia duka shaida ce."

"An rubuta zabi za su shiga bariki. Biyu suna can. An rubuta na daina barcin hantsi. Tun da ƙafar nan ta karye na runtsa? An rubuta Rahamatu za ta shiga Kusada da ƙararrawa." Ya ɗaga murya. "Ke, ba haka aka rubuta ba?"

Ina bayan ƙyaure, na shirya tarina. Amma zauren gidanmu ne, ga Iya a gefena, sai na ji magana ta fito da kanta.

"Malam, allon yana cikin Inna. Sai a je a tambaye ta."

Kawu Sada ya yi dariya har ya zauna a kan ƙafar da ya ɗora.

Bayan kwana arba'in muka koma. Tun a hanya Malam ya fara cewa kuskuren bara ƙanƙantar tsuntsu ne, bana talo-talo zai yi, kuma in haɗa tawada. Na ce masa ƙaron haɗa ta ya ƙare. Kullum ya tambaya, ƙaro bai samu ba, sai ran da na ji Dabo ya tafi kasuwar Kankia. Ran nan tawada ta samu. Daga ni sai shi a zaure, ya faɗa na rubuta: talo-talo ɗari biyar, kuma Rahamatu ba za ta sake zuwa Kusada ba sai a mota. Na rubuta manya-manya, na cika tawada, na kai allon na jingine a ƙofar ɗakin Inna don ya bushe. Dama kwana biyu tana ɗingishi.

Da safe ta same ni a murhu tana lasar baki.

"'Yar nan, wannan ya fi na bara kauri. Mi aka sa a ciki?"

Na ce, "Mota, Inna."